Harsashin da Aka Shafa wa Jan Farce

Akwai wani manomin gyaɗa a yankinmu, nan kudancin jihar Jojiya ta Amurka, ana kiransa Royce Tackett. Na san shi fiye da shekara ashirin, domin ni ke riƙe da littafin ƙungiyar maharba ta garinmu, kuma kowace Asabar a gabana yake sa hannu. Ban cika kawo muku labarin mutanen da na sani ba. Wannan na kawo shi ne bayan 'yarsa ta ce in kawo.

Royce mutum ne mai ƙoƙari a gona, wannan babu mai musu. Sai dai idan shi za ka tambaya, bai taɓa yin kuskure ba tun da aka haife shi.

Gonarsa ta yi iyaka da ta surukinsa, Odell Maddox. Royce ne ya auri Lorene, ƙanwar Odell. Ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ranar jana'izarta Odell ya ce da an kai ta asibiti tun sa'ad da ta fara kukan ƙirji, mai yiwuwa da tana nan. Sau ɗaya ya faɗa, kuma a hankali. Royce bai yafe ba.

Daga ranar ba su ƙara ambaton Lorene a tsakaninsu ba. Sai suka mai da faɗan kan harsashi.

Dukansu da hannunsu suke ɗura harsasansu, kamar rabin mazan ƙungiyar. Bayan harbi ka tsince kwanson tagulla, ka wanke, ka gyara bakinsa, ka sa masa sabon maɓallin wuta a gindi, ka auna albarushi, ka danna ƙwaya a kai. Bindigoginsu ma ƙira ɗaya ne, masu sake ɗana kansu bayan kowane harbi. Bambancin yana cikin bututu. Na Royce siriri ne, na harsashin da muke kira biyu-biyu-uku. Na Odell ya fi faɗi, na ɗari uku.

Odell gwangwanin albarushi ɗaya tak yake ɗorawa a tebur. Tabarau a hanci, littafi a gefe. Harsasansa a akwati mai rami hamsin yake jera su, kowanne da raminsa. Shi ya sa Royce ya raɗa masa suna Malam Sikeli.

Royce kuwa zuba nasa yake yi a tsohon akwatin ƙarfe irin na soja, kamar mai zuba gyaɗa a buhu. Shekararsa sittin da uku, kuma duk mun san idonsa ya ja baya, don a coci sai ya miƙe hannu iya tsawonsa kafin ya karanta littafin waƙa. Amma ka ambaci tabarau ka ga tashin hankali.

Yana kuma da wata ɗabi'a. Idan an tashi daga filin harbi, sai ya ɗauko manjagara da bokiti ya share ciyawa kaf. Kwanson kowa nasa ne. Fanko ya jefa a bokiti. Wanda ya faɗi ba a harba ba, ya jefa a akwatin ƙarfe.

Wata Asabar a watan Satumba, saura mako biyu a tone gyaɗa, aladun daji suka addabi gonakin bakin rafi. Kowa ya fito filin harbi ya daidaita saitinsa.

Royce ya ajiye kofinsa na kofi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam Sikeli, har yanzu da wannan ɗari ukun kake fama? Ai gara ka ɗauki dutse ka jefi alade. Kafin ƙwayarka ta isa, ya gama cin gyaɗar har ya yi gyatsa."

Odell bai ɗago ba. Ya ce, "A taku tamanin nake harbi, Royce. Ƙwayata ta ninka taka nauyi. Inda ta same shi, nan yake kwanciya."

"Tawa kafin ka ji ƙara ta isa. A miƙe take tafiya."

"A miƙe take tafiya, ta shiga kafaɗar babban alade ta tsaya a kitse. Bara aladu uku na tsinta a bakin rafina, sun ruɓe, da 'yan ramukanka a jiki."

Verlon Sikes, wanda ke kula da tsaro a filin, ya sa baki yana ɓare dafaffiyar gyaɗa.

"Ku biyun duk ɓata lokaci kuke. Bindiga mai harsashin shida da rabi ita ce magana. Taku ɗari huɗu, kamar ka miƙa hannu ka taɓa."

Royce ya ce, "Kai Verlon, yaushe rabonka da ganin abin da ya wuce tumbinka?"

Aka yi dariya. Verlon ya busa usur, alamar kowa ya fitar da harsashin da ke cikin bindigarsa a je a duba allunan saiti. Odell ya ja mariƙin ɗanawa, harsashin da ke ciki ya yi tsalle ya faɗa ciyawa. Ya sunkuya zai ɗauka ke nan, Royce ya matso kusa da shi, ya sassauta murya.

"Aladu uku a bakin rafi. Ƙarya kake. Ba kuma yau ka fara ɗora mini gawa da ƙarya ba."

Odell ya miƙe. Na ga wuyansa ya yi ja. Ya tattara kayansa, ya rufe akwati, ya shiga akori-kurarsa ya tafi. Ban taɓa ganin ya bar filin nan bai ƙirga harsasansa ba sai ranar.

Ga abin da ya sa wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kwanson ɗari uku, Odell da kansa yake yin sa. Yakan ɗauki tsohon kwanson biyu-biyu-uku ya yanke shi ya sake masa baki. Saboda haka lambar da ke bugge a gindinsa har yanzu 223 ce. Harsashin yana shiga gidan harsashi ɗaya da wancan, wato ɗan akwatin da ake jera su a maƙala wa bindiga. In an matsa masa, yana shiga cikin bindigar biyu-biyu-uku ma. Amma ƙwayarsa ta fi ƙarfin siririn bututu. Idan aka ja kunamar bindiga, wutar ba ta da hanyar fita ta gaba, sai ta nemi hanya ta wajen fuskar mai harbi.

Don haka Odell yake shafa wa gindin kowanne jan farce. Twila ce ta ba shi kwalaben, 'yar Royce da Lorene. Ma'aikaciyar jinya ce a birni, kuma a wurin aikinta an hana su shafawa.

Da ya isa gida zuciyarsa ta sauka, sai ya buɗe akwati. Fanko talatin da ɗaya. Masu ɗuri goma sha takwas. Rami ɗaya babu komai.

Ya koma filin. Ya tarar da ni ina rufe ɗakin ajiya. Ya durƙusa a inda ya tsaya ɗazu, yana shafa ciyawa da hannu. Babu ko kwanso ɗaya, sai sawun manjagara.

Ya ce, "Royce ya share?"

Na ce, "Kaf."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Gobe Twila za ta zo su yi kwanton aladu. Da bindigar ubanta take harbi."

Ban manta ba, shi ma bai manta ba, cewa Twila bahaguwa ce. Tagar da kwanso ke fita tana gefen dama na bindiga. Mai harbi da hagu, wannan tagar a gaban idonsa take.

Shekara huɗu Odell bai taka barandar Royce ba. Ranar ya taka. Ya same shi a kujera da kofin shayi mai sanyi. Royce bai ce ya zauna ba.

Odell ya ce, "Royce, na yi kuskure. Na yar da harsashi ɗaya mai ɗuri a filin, ban ƙirga ba. Ɗari uku ne. Ina jin yana cikin akwatinka."

"Kana jin."

"Ka share wurin da na tsaya."

"Au, yanzu kuma ɓarawo na zama? A da mai kisan kai ne ni, yau ɓarawo."

"Ban ce ka yi sata ba. Laifina ne, ni na yar. Ka bar ni in duba akwatin, ko kai ka duba. Gindinsa ja ne."

Royce ya yi dariya. "Ka tako har ƙofata saboda harsashi ɗaya mai jan farce? Kai Odell, rowa za ta kashe ka. Jira in shiga in ɗauko maka alewa a madadinsa."

"Ba harsashin nake so ba. Lambar gindinsa 223 ce, za ka ɗauka naka ne."

"Shekara arba'in ina ɗuri. Ni za ka koya wa bambancin siriri da ƙato?"

"Da tabarau za ka gani. Ba tabarau, kana hira kana jerawa da babban yatsa, ba lalle ba ne."

Royce ya ajiye kofin a hankali.

"Sauka daga barandata."

"Twila ce za ta riƙe bindigar."

"Kada ka ƙara sa sunan 'yata a bakinka. Uwarta ba ta ishe ka ba? Sauka, kafin in sauke ka."

Odell ya sauka.

Washegari Lahadi, bayan an tashi daga coci, Odell ya tare shi a wurin ajiye motoci, a gaban mutane. Waɗanda suka san Odell sun san abin da hakan ya ci masa. Mutum ne da ko gaisuwa a hankali yake yi.

Ya ce, "Akwatin yana bayan motarka. A zuba shi a nan, Verlon ya duba."

Royce ya dubi jama'a, ya buɗe hannuwa. "Kun ji ko? Daga fitowa addu'a. To in an duba babu fa, Malam Sikeli? Haka kawai za ka zubar mini da mutunci ka tafi cin abincin rana?"

"In babu, na bar ƙungiya."

"Da makullin filin?"

"Da makullin."

Odell na cikin mutum biyar da suka kafa ƙungiyar. Tudun ƙasar da muke harbi a jikinsa, da taraktarsa aka tara shi.

Royce ya sauke murfin bayan akori-kura, ya juye akwatin. Verlon ya sa tabarau ya shiga juya su ɗaya bayan ɗaya, yana duba gindi, yana duba ƙwaya. Matan da suka fito da kwanukan abinci suka tsaya kallo. An fi minti ashirin.

Verlon ya ɗago. Ya ce, "Odell, babu."

Royce ya tafa hannu sau ɗaya. "Makulli."

Odell ya ce, "Waɗanda ka riga ka jera a gidajen harsashi fa?"

"Akwati ka ce."

Verlon ya ce, "Haba Royce, aikin minti biyu ne. Zazzage su mu gani, kowa ya huta."

"Suna gida. Da hannuna na jera su jiya, na ga kowanne. Yanzu akwati, an jima gidan harsashi, gobe ya ce a duba ƙarƙashin katifata. Makulli, na ce."

Odell ya zare makullin daga ɗaurin makullansa. Bai ba Royce ba, ni ya miƙa wa. Na karɓa, don ba ni da yadda zan yi.

Daga cikin motarsa ya aika wa Twila saƙo a waya, ya ce kada ta harba komai sai ta zazzage gidajen harsashi ta duba. Tana kan hanya, ta tsaya shan mai ta amsa masa.

"Kawu, Baba ya kira ni. Ya ce an duba a gaban kowa, babu komai. Don Allah ku cire ni daga faɗanku. Na gaji."

Abin da ya biyo baya, daga bakin Twila na ji shi.

Da la'asar sakaliya ita da mahaifinta suka kwanta a bayan dammunan ciyawa a gefen gona, suna fuskantar rafi. Rana ta yi ƙasa, aladu suka fara fitowa, sun kai ashirin, da wani ƙato a gaba. Royce ya raɗa mata ta ɗauki ƙaton. Ta ɗora kunci a gindin bindiga. Ta fara sauke numfashi.

Sai ga akori-kurar Odell ta biyo kan iyaka da gudu, hannunsa a kan hon bai ɗaga ba.

Aladu suka watse. Cikin ƙiftawar ido babu ko ɗaya.

Odell bai gama fitowa daga mota ba Royce ya iso. Ya ci kwalarsa, ya kai masa naushi a fuska. Tabarau ya faɗi, Royce ya taka shi.

"Kwana tara ina bin sawunsu! Kwana tara! Gonata kake so su cinye, tsohon munafuki?"

Odell ya dafa mota, jini na fita a hancinsa. Bai dubi Royce ba.

Ya ce, "Twila, cire yatsanki daga kunama. Juya bakin bindigar rafi."

Shi ya koya mata harbi tun tana 'yar shekara goma sha biyu, hannunta ya bi maganar kafin ta yi tunani. Amma ranta a ɓace yake.

"Kawu, wannan wace irin fitina ce? Ka haukace ne?"

"Wataƙila. Cire gidan harsashi. Yanzu ja mariƙi baya, fitar da na ciki."

Ta ja. Mariƙin bai motsa ba. Ta sake ja da ƙarfi. Kamar an liƙe shi da walda.

Odell ya ce, "Wa ya ɗana ta?"

"Baba."

"Ta rufe da kanta?"

Twila ta ce, "A'a. Ta ƙi rufewa, sai ya buga maɓallin gefe da tafin hannu."

"Sau nawa?"

"Uku."

Royce ya ce, "Datti ne. Kowa ya san suna yin haka. Harbi ɗaya zai wanke ta. Kawo nan."

Odell ya ce, "A kai wa mai gyara gobe ya zaro shi a hankali. Ba a rasa bindiga ba, ba a rasa kowa ba."

"A kai wa mai gyara, gari ya ji cewa Malam Sikeli ya hana ni harba bindigata a gonata? Twila, kawo na ce!"

Ta riƙe. Ya fizge. Ya ɗaga ta zuwa kafaɗa, bakinta na kallon tudun rafi.

Odell ya ce, "Tsaya. In dole sai an harba, a ɗaure ta a taya a ja da igiya, yadda ake gwada tsohuwar bindigar gado."

"Ba ni da lokacin wasan yara."

"In ta tashi lafiya, Lahadi mai zuwa zan miƙe a gaban coci in ce abin da na faɗa ranar jana'izar Lorene ƙarya ne, in roƙe ka gafara."

Royce ya tsaya. Twila ta ce ta ga yatsansa a kan kunama, ta ga ya janye shi a hankali.

"A gaban kowa?"

"A gaban kowa."

"Twila, kin ji da kunnenki. Ɗauko safaya."

Suka kwantar da tayar a ƙasa, suka ɗaure bindigar a kanta da igiyar ɗaure ciyawa, bakinta ga tudun rafi. Odell ya ɗauko jarkar ruwa daga motarsa, ya ajiye a gefen dama na gindin bindigar.

Royce ya ce, "Wannan kuma fa? Ƙishirwa take ji?"

"Nan fuskarta take zama."

Suka koma bayan akori-kura. Royce ya ce shi zai ja, kuma ya ja yana murmushi.

Ƙarar ba irin ta harbi ba ce. Twila ta ce a haƙoranta ta ji ta. Wani abu ya bugi ƙofar motar, tsuntsayen bakin rafi suka tashi gaba ɗaya.

Da hayaƙi ya lafa suka fito. Saman bindigar ya tsage gida biyu, gefen dama ya buɗe kamar gwangwanin da aka fasa da gatari. Jarkar ta yi kaca-kaca. Ruwanta yana bin kunyar gyaɗa, ƙasa tana shanyewa.



Royce ya durƙusa yana tona ɓaraguzan da yatsa. Ya ɗauko wani ɗan guntun tagulla, gindin kwanso. Ya miƙe hannu iya tsawonsa, ya ƙanƙance ido, ya juya shi ga hasken rana. Bai iya gani ba. Mutumin da zai iya ara masa tabarau kuwa, nasa na can a ƙasa a farfashe.

Twila ta karɓa daga hannunsa.

Ta ce, "An rubuta 223, Baba. Amma jan farcena ne a kai."

Kuna tsammani nan ya sunkuyar da kai? Juyawa ya yi kan Odell.

"To ai naka ne! Harsashinka ne! Kai ka kusa kashe ta!"

Odell ya goge hancinsa da bayan hannu. Ya ce, "Nawa ne. Da wannan maganar na fara a barandarka jiya."



Twila ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, a waya ka ce mini an duba komai."

"An duba akwati."

"Ka ce komai. Minti biyu kake buƙata ka zazzage gidan harsashi. Sau uku bindigar ta ƙi, sau uku ka buge ta, sannan ka miƙo mini. Ka gwammace ka sa fuskata a caca da ka ce wataƙila Kawu ya yi gaskiya."

"Twila, 'yata, saurara..."

Ta sunkuya ta tsince abin da ya rage na tabarau. Ta ce, "Kawu, ba ka gani, ba ni makullin mota ni zan tuƙa."

Suka tafi suka bar shi a tsaye kusa da taya.

A cikin makon Odell ya ɗauki guduma ya daddake duk kwanson da ya taɓa yankewa, sun fi ɗari biyar. Ya ce jan farce bai isa ba, tunda akwai masu harbi da ba sa gani. Asabar ta gaba 'yan ƙungiya suka ɗaga hannu suka amince ya dawo, na mayar masa da makullinsa. A ranar muka rubuta doka cewa kowa nasa kwanson zai tsince, kuma harsashi mai ɗuri da aka tsinta a ƙasa a miƙa wa Verlon.

Royce bai ba da haƙuri ba har yau. Har yanzu in sun haɗu a shagon kayan gona, kowa layinsa yake bi. Ya sayi tabarau, a coci kawai yake sawa. Kujerar da ya saba zama da 'yarsa, shi kaɗai yake zama, don idan ta zo gari kusa da kawunta take zama.

Na tambaye ta ko ta yanke hulɗa da shi. Ta ce a'a, ubanta ne, tana gaishe shi, tana kai masa abinci, tana duba masa hawan jini. Sai ta buɗe jakarta ta nuna mini ɗan guntun tagullar nan, tana yawo da shi.

Ta ce, "Abu ɗaya ne ya canza. Duk abin da ya miƙo mini yanzu, ya ce ya duba, sai na sake dubawa."

Darasi: Idan aka gargaɗe ka, duba gargaɗin, kada ka tsaya duba wanda ya kawo shi. Wanda kuke gaba da shi ma yana iya zuwa da gaskiya, kuma girman kan da ya hana ka binciken minti biyu, wanda ka fi so ne zai iya biyan kuɗinsa. Idan kuma kai ne ka yi kuskuren da zai cutar da wani, je ka faɗa, ko da za a kore ka daga ƙofa, ka kuma koma har sai an ji. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san ba ya son a ce masa ya sake dubawa.